Bugun Da Ba A So Ya Yi Kisa: Kareti, Dambe Da Samarin Masana'antun Kano

Ranar 7 ga Agustan 2021, a zauren Nippon Budokan da ke Tokyo, wani matashi ɗan Saudiyya mai suna Tareg Hamedi ya ɗaga ƙafa ya shauɗa wa abokin karawarsa, Sajad Ganjzadeh na Iran, a saitin wuya. Karawar ƙarshe ce ta kareti ajin masu nauyi a gasar Olamfik, kuma Hamedi na gaba da maki 4 da 1. Mutumin Iran ya zube a sume, aka fitar da shi a kan gadon ɗaukar majinyata. Hamedi har ya fara murna. Sai alƙalai suka haɗa kai suka yi shawara, suka dawo da hukuncin da ya bar 'yan kallo baki buɗe: bugun ya wuce kima, an cire Hamedi. Wanda ya suma shi ya ci zinare, wanda ya sumar da shi ya koma gida da azurfa.

Da a dandalin Ado Bayero na Sabon Garin Kano aka yi wannan bugu, da tuni kalangu ya ɗauka, 'yan kallo sun ɓarke cikin fili ana liƙi. Kisa ke nan, kuma kisa ne ya tara jama'a. Ɗan dambe yana shiga fili da niyyar kai abokin karawarsa ƙasa cikin turmi uku, da zarar hannu ko gwiwa ta taɓa ƙasa magana ta ƙare. A karetin gasa kuwa abin da ake ba wa maki daban ne. So ake mutum ya nuna ya isa wurin da sauri, da ƙarfi, a daidai lokaci, sannan ya janye hannu ko ƙafa kafin ta yi ɓarna. Saudiyya ba ta ji daɗin hukuncin ba, har ta ba Hamedi riyal miliyan 5, ladan da ta tanada wa mai zinare. Amma ƙa'idar a rubuce take tun kafin su taka fili.

Wannan bambanci ya shafi Kano ƙwarai, musamman unguwannin da suka yi wa masana'antunta ƙawanya. Dakata da Kawaji da Gwagwarwa da Tudun Wada suna jingine da Bompai. Ja'en da Gandun Albasa suna maƙwabtaka da Sharaɗa. Panshekara da Zawaciki da Kumbotso su ke ciyar da Challawa da ma'aikata. A nan ne ake samun samarin da ke wuni suna lodin buhu, suna jan ɗanyar fata a majema, suna tsaye gaban injin roba tun safe har la'asar. Jiki a murɗe yake, zuciya akwai ta, son wasan ƙarfi kuma gado ne. Duk da haka, jihar da ƙidayar 2006 ta nuna ta fi kowace jiha yawan jama'a ba ita ake gani a saman teburin lambobin yabo ba idan an tashi daga gasar wasanni ta ƙasa. Jihar Delta ce ta daɗe tana riƙe da wannan gurbi. Ƙarfi bai yi ƙaranci a Kano ba. Abin da ya yi ƙaranci shi ne hanyar da ke mayar da ƙarfi ya zama lambar yabo.

Ta majigi kareti ya fara shiga zukatan Kanawa. Shekarun 1970 lokaci ne da masana'antu ke ganiyarsu. Bompai, wadda ta riga sauran kafuwa tun ƙarshen zamanin Turawa, ta cika da kamfanonin man gyaɗa da alewa da sabulu da kwanuka da masaƙu, aka kuma buɗe sababbin filaye a Sharaɗa da Challawa, har Kano ta zama ta biyu bayan Legas a harkar masana'antu. Lebura yana da albashi, kuɗin Udoji na 1975 ya ƙara wa aljihu nauyi, da dare kuma akwai Plaza da Orion da El Dorado da sauran gidajen silima. Bayan finafinan Indiya, ba abin da ke cika su kamar finafinan Hong Kong, waɗanda ake kira na Canis. Bruce Lee ya mutu a 1973, amma a Kano sai bayan nan tauraronsa ya fi haskawa. Abin da yake yi salon faɗan Sin ne, mutanen gari dai duk kareti suke ce masa. Yara suka riƙa haɗa guntayen sanduna biyu da sarƙar keke suna wulwulawa, suna tsalle daga katanga suna ihu. Daga baya ne masu ilimin abin suka bayyana, akasari ta barikokin soja da na 'yan sanda da manyan makarantu, suka fara nuna wa samari cewa abin da suke gani a majigi wasan kwaikwayo ne, sana'ar kanta tana da tsari da matakai.

Asalinta tsibirin Okinawa ne a kudancin Japan. Wani malamin makaranta mai suna Gichin Funakoshi ya kai ta Tokyo a 1922, salon da ya bari, Shotokan, yana cikin waɗanda suka fi yaɗuwa a duniya har da Najeriya. Farar riga da ɗamara mai nuna matsayi kuwa aro aka yi daga judo, wasan da wani Bajapane, Jigoro Kano, ya kafa a 1882. Ɗalibi yana farawa da farar ɗamara, ya riƙa cin jarrabawa yana sauya launi, sai bayan shekaru na naci ya kai ga baƙa.

Wanda ya je kallon horo da tsammanin ganin tsalle sama zai sha mamaki. Darasin farko dunƙule hannu ne. Malamin, wanda yara ke kira Masta, zai kama hannun sabon shiga ya naɗe masa yatsu huɗu tun daga kan farce har su nutse cikin tafi, ya ɗora babban yatsa a kan manuni da na tsakiya ya kulle. Zai daidaita wuyan hannun ya miƙe sak da damtse, don in ya lanƙwashe ko kaɗan, ranar da naushi ya sami abu mai tauri mai naushin ne zai je wurin mai ɗori. Gaɓoɓi biyu na farko kaɗai ake bugu da su. Sa'annan a tsaya a layi, ƙafa a buɗe, gwiwa a ɗan durƙushe, Masta yana ƙirga da Japananci, hannun dama na fita na hagu na komawa kan ƙugu, ana juya kwankwaso tare da kowane bugu. Haka za a yi ta yi har cinya ta fara rawa. Yaron da ya zo don ya koyi yadda zai rama dukan da aka yi masa a unguwa yakan gudu a makon farko. Wanda ya zauna, shi ne ake iya gina wani abu a kansa.

Kashi uku horon yake. Akwai wannan maimaicin tushe da ake kira kihon. Akwai kata, wato jerin motsi da aka haddace, mutum shi kaɗai yana karewa yana kai hari ga abokan gaba da ba a gani, kuma a gasa alƙalai suna auna tsayuwarsa da numfashinsa da ƙarfinsa da daidaiton lokacinsa. Na uku shi ne kumite, karawar mutum biyu.

A kumite na hukumar kareti ta duniya, WKF, filin murabba'i ne mai mita 8 kowane gefe, ɗaya na sanye da jar ɗamara ɗaya shuɗiya, karawar manya minti 3 ce. Naushi mai kyau a fuska ko a jiki maki 1 ne. Shuri a gangar jiki maki 2. Shuri a kai, ko bugun da aka kai wa wanda aka riga aka kayar, maki 3. Wanda ya ba da ratar maki 8 ya gama tun kafin lokaci, in kuma aka tashi kunnen doki, wanda ya fara cin maki shi ke da rinjaye. Alƙalai ba sa duban ko bugu ya yi zafi. Suna duban tazara, da tsayuwar jiki, da ko mai bugun ya ci gaba da sa ido a kan abokin karawarsa bayan ya buga. A nan ne ƙwararren ɗan dambe da ya sauya sheƙa yake shan wuya, domin abin da jikinsa ya saba da shi, wato zuba dukkan nauyi a bayan hannu, shi ne abin da zai jawo masa gargaɗi. Sai an sake koya masa birki. Amma wanda ya jure wannan, yana shigowa da abubuwan da ba a koyarwa cikin sauƙi: rashin tsoron fuskantar mutum, da iya karanta ido, da sanin lokacin da abokin gaba ya saki garkuwa.

Akwai wani lissafi da ya kamata masu riƙe da harkar wasanni a Kano su riƙa yi. Ƙungiyar ƙwallon ƙafa tana cin 'yan wasa kusan 20 da motar safa da otal, in ta yi nasara ta kawo zinare ɗaya tak. A kareti na manya, maza suna da ajin nauyi 5, daga ƙasa da kilo 60 zuwa sama da 84, mata ma suna da 5, ga kata na mutum ɗaya da na ƙungiya, ga kumite na ƙungiya. In aka tara, zinare 16 ne, kuma a kowane aji mutum huɗu ne ke hawa dandamali, domin tagulla biyu ake bayarwa. Haka abin yake a taikwando da judo da damben zamani da kokawa. Tarihin ƙasar ma ya nuna haka. Lambar Olamfik ta farko da Najeriya ta samu, tagullar Nojim Maiyegun ce a damben zamani a Tokyo a 1964, kuma a Tokyo ɗin dai Blessing Oborududu ta ɗauko azurfa a kokawa a 2021. Tun da aka fara gasar wasanni ta ƙasa a Legas a 1973, jihohin da suka gane wannan lissafi su ne ke kwasar lambobi, har sukan ɗauke 'yan wasan wasu jihohi da alawus mai kauri.

Fara kareti ba ya cin kuɗi. Filin makarantar firamare da wando mai faɗi sun isa. Ƙarasawa ce ke da tsada. Yaron da ya yi shekara uku yana horo a kan turɓaya ko siminti, ranar da ya taka tabarmar gasa ƙafarsa za ta riƙa kamawa, tazarar da ya saba da ita ta rikice masa. Fili ɗaya, in aka haɗa da gefen kariya, yana cin aƙalla falle 100 na tabarmar roba mai mita ɗaya ɗaya, masu haƙora da ke sarƙewa da juna. Ga safar hannu ja da shuɗiya, ga makarin ƙwauri da na ƙafa, ga robar haƙori, ga sulken ƙirji, kusan duk daga waje ake shigo da su da dala. Abin da zai tsaya wa mutum a rai shi ne, wannan tabarma dangin robar nan ce mai laushi da ake yin silifa da ita, kuma silifa na cikin abubuwan da masana'antun Kano suka fi fitarwa zuwa ƙasashen maƙwabta. Farar rigar, yadin auduga ne mai kauri da telolin Fagge za su ɗinka ba tare da wahala ba. Birnin Sialkot na Pakistan ya gina babbar sana'a a kan ɗinka safar dambe da rigunan wasannin faɗa yana sayar wa duniya, alhali majemun Challawa da Sharaɗa suna tura fatar awaki da tumaki zuwa Italiya da Sifen a sarrafa ta can.

Ga kuma wurin horo. Tun daga tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, da matsalar wutar lantarki, da kwararowar kaya masu arha daga waje, kamfanoni da yawa suka rufe. Duk wanda ya ratsa titunan Sharaɗa ko Bompai zai ga dogayen gine-gine masu rufin kwano da aka mayar sito, wasu ma a kulle ciyawa ta cinye harabarsu. Zauren kareti ba ya neman fiye da daɓe mai santsi da rufi da iska.

Saurayin da ke da ƙarfi a hannu, shi ma yana nasa lissafin, kuma dambe ne ke cin riba a ciki. A je gidan dambe da yamma a ga yadda ake shirya shi. Yana zaune ya miƙa hannu, an naɗe dunƙulen da ƙyalle, wani na jan zare yana zagayawa yana ɗaurewa tamau tun daga kan yatsu har wuyan hannu, yana ja da ƙarfi har hannun ya koma tamkar dutse. Makaɗi yana kiran sunan ubangidansa da na garinsu, shi kuma tsuma na taso masa. In ya yi kisa a turmin farko, kafin magariba kuɗi na aljihunsa, in gasa ce babba akwai babur, akwai mota. Yana da ɓangaren da ya tsaya masa, Arewa ko Kudu ko Guramaɗa. Yana da tarihin da zai jingina da shi, tun daga mahautan da ke yawon dambe da kaka har zuwa Shago da Ɗandunawa, waɗanda makaɗi Ɗan'anace ya dawwamar da sunansu. Ɗan kareti kuwa zai yi shekara biyar yana zuba gumi, ya biya kuɗin jarrabawar ɗamara daga aljihunsa, ya nemi kuɗin mota zuwa Abuja ko Legas ko Asaba, in ya dace ya dawo da ƙarfe a wuya da takardar shaida. Dambe ya gina tattalin arzikinsa da kansa, kuma ya cancanci yabo a kan haka. Wasannin da ke kai mutum gasar Afirka da ta duniya ba su da masu liƙi. Dole wani ya ɗauki nauyinsu tun kafin a ga amfaninsu.

Kano ta san wannan ɗaukar nauyi, domin ta taɓa yin sa. Raccah Rovers da ta ci gasar lig ta Najeriya a 1978 sunan gidan kasuwanci take ɗauke da shi. Kano Pillars kanta an haɗa ta ne a 1990 daga ƙungiyoyi uku, biyu daga cikinsu na ma'aikatu ne, WRECA ta hukumar ruwa da ta Bankin Arewa. A lokacin, ɗan ƙwallo ma'aikaci ne mai albashi da ake sallama da wuri ya tafi atisaye. Har yau kuɗin kamfanoni bai daina shiga wasanni a Kano ba. Gasar tanis ta Dala da ake yi a Kano Club, a kan titin Bompai, da gasar folo ta shekara shekara, dukkansu da tallafin 'yan kasuwa da bankuna suke tafiya, kuma abin a yaba ne. Sai dai waɗannan wasanni ne na masu ofis. Wasan da ɗan mai gadi da ɗan direban babbar mota za su iya shiga da wandon makaranta har su kai wani matsayi, shi ne har yanzu ke jiran mai ɗauka. A Japan, yawancin manyan 'yan judo ma'aikatan kamfanoni ne ko 'yan sanda, sunan ma'aikatarsu na manne a rigarsu, albashinsu na tafiya ko suna sansanin horo.

Misalai biyu na kusa sun nuna abin da tallafi ke yi. Chika Chukwumerije, wanda ya ciyo wa Najeriya tagulla a taikwando a Beijing a 2008, ɗan Sanata Uche Chukwumerije ne, uban da ya tsaya wa 'ya'yansa a wannan wasa da aljihunsa. Na biyun ya fi kusa da gida. Abdoul Razak Issoufou Alfaga na Jamhuriyar Nijar a ɓoye ya fara taikwando, domin gidansu ba sa so. Da aka ga hazaƙarsa, tallafin horo ya kai shi Jamus. A Rio a 2016 ya kai karawar ƙarshe ta masu nauyi ya samu azurfa, lambar Olamfik ta biyu a tarihin Nijar, shekara 44 bayan tagullar ɗan damben zamani Issaka Daboré a Munich. A 2017 ya zama zakaran duniya a Muju ta Koriya ta Kudu. Ƙasar da ke tsayawa cak duk shekara don kallon kokawar takobi ita ta haifi wannan yaro, amma sai da aka samu wanda ya biya masa koci da abinci da tikitin jirgi na shekaru kafin ya hau dandamali.

Iyaye ma suna da tasu damuwar, kuma ba a banza ba. Uban da ke zaune a unguwar da faɗan daba ya addaba, in ya ji ɗansa na koyon duka, gabansa zai faɗi. Amsar tana cikin ƙa'idar nan da ta hana Hamedi zinare. Wasan da ke hukunta mutum don ya kasa riƙe hannunsa, kullum riƙe hannu yake koyarwa, kuma malamin kirki yakan kori ɗalibin da aka kama yana faɗa a titi. Wasu iyayen suna tambaya a kan sunkuyawar gaisuwa da ake yi kafin karawa, tambaya ce da ta dace malaman addini da masu horarwa su zauna su daidaita ta a fili maimakon a bar ta tana korar yara. Game da 'ya'ya mata kuwa, tun 2013 WKF ta amince a shiga gasa da lulluɓin kai. A ranar da aka yi karawar Hamedi, a zauren nan dai, Feryal Abdelaziz, ɗalibar ilimin haɗa magunguna, ta doke Irina Zaretska ta Azarbaijan ta zama mace ta farko da ta ciyo wa Masar zinaren Olamfik. A Legas, Hajiya Zainab Saleh ta daɗe tana shirya gasar kareti ta mata zalla. Zauren da mace ke horar da mata, a rufe, a lokacin da ya dace, zai buɗe wa Kano rabin lambobin da a yanzu ko nema ba ta cika yi ba.

Kareti bai daɗe a Olamfik ba. Sau ɗaya ya shiga, a Tokyo, aka ajiye shi a Paris a 2024, kuma ba ya cikin jerin Los Angeles na 2028. Mai burin Olamfik sai ya karkata ga taikwando ko judo ko kokawa, waɗanda tabarma ɗaya da zaure ɗaya za su iya ɗauka tare da kareti. Amma gasar matasa ta ƙasa tana nan, gasar wasanni ta ƙasa tana nan, haka gasar Afirka da ta duniya, kuma kowacce ta jiha ake fara hawanta.

Ga ma'aikacin Challawa ko Bompai, cikas mafi girma ma ba tabarma ba ce, lokaci ne. Wanda wannan makon yake aikin safe, mako mai zuwa aikin dare, ba zai iya riƙe horon yamma sau huɗu a mako ba. Yawancinsu kuma 'yan aikin wucin gadi ne da ake biya gwargwadon kwanakin da suka shiga. In hukumar wasanni ta jiha ta kira ɗayansu sansanin mako biyu a Ƙofar Mata, zaɓin da ke gabansa shi ne ya tafi ya dawo ya tarar an ba wani gurbinsa, ko ya haƙura ya bar gasar. Manajan ma'aikata da zai sa hannu a takarda ɗaya, ya tsayar masa da aikin safe, ya kuma ba shi hutun gasa da albashinsa, kuɗin da zai kashe bai kai na allon talla guda a kan titin Zariya ba.